Corolla 2006 tana ƙin wuce 90 a babban titi, amma a cikin gari lafiya lau

Abban Hanifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana a kan Corolla 2006, 'yar Amurka, mai inji 1ZZ, otomatik. Malejinta ya nuna mil 171,000.

A cikin gari ba ta da wata matsala. Bugu ɗaya take tashi, sulonta daidai, ba ta karkarwa. Sai an hau babban titi take nuna halinta. A hanyar Kano zuwa Zariya, da farko tana kai gudun kilomita 110 a awa, amma bayan kamar minti ashirin sai ta fara nauyi. Kafin Kwanar Dangora ba ta wuce 90 ko an danne totur har ƙasa, idan aka zo hawa kuwa sai ta dawo 70. Giya tana saukowa, injin ya yi gurnani kamar an shaƙe shi, allurar juyin inji ta maƙale tsakanin 3,500 da 4,000. Wuce tirela ya zama abin tsoro. Idan aka kashe ta na minti goma sha biyar sai ta ɗan farfaɗo, can kuma ta koma gidan jiya.

An canza fulogi huɗu, an wanke nozul, an sa sabuwar matatar iska, ba ta sauya zani ba. Wutar cek injin ta daɗe a kunne. Tun kafin ta zo hannuna an cire mata tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, an kuma haɗa fanka kai tsaye. Tana shan baƙin mai kusan lita ɗaya a kowace kilomita 1,500. Wani ya ce famfon mai ne, wani ya ce giyabos, wani ya ce burenbos, wato kwamfutar motar. Da me ya kamata a fara?

Ɗan Fagge Rewaya

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka dakata da sayen kaya tukuna, kowane ɗaya daga cikin ukun nan da aka lissafa maka akwai awon da zai tabbatar da shi ko ya wanke shi.

Dalilin da ya sa ba ka jin komai a cikin gari shi ne, a zirga-zirgar gari injin ba ya amfani da ko rabin ƙarfinsa. Famfon da ya gaji zai iya ba shi ɗan man da yake nema, salansar da ta fara toshewa za ta iya fitar da ɗan hayaƙin. A babban titi ne yake neman mai da yawa, iska da yawa, da hanyar fitar hayaƙi a buɗe, duk a lokaci guda kuma na tsawon lokaci. Wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai fara gazawa.

Allurar juyin inji ta riga ta raba mana gardama ɗaya. Idan giyabos ke zamewa, allurar hawa take yi ba tare da gudun ya ƙaru ba, injin ya yi ta ihu a wofi. Taka maƙalewa take yi, wato injin ne kansa ya kasa. Don haka giyabos ya koma ƙarshen layi.

A fara da sikana, na'urar da ake jonawa da burenbos, irin mai nuna bayanai injin yana aiki. A rubuta lambobin da suka fito kafin a goge komai, domin da yawa ana gogewa ne kawai wutar ta mutu a ce an gyara. Waɗanda suka shafi wannan matsala: P0171 mai ya yi wa iska kaɗan, P0300 zuwa P0304 silinda na tsallake wuta, P0101 sensan iska, P0420 indomi (abin tace hayaƙi da ke cikin salansa), P0325 sensan ƙwanƙwasa, P0011 ko P0012 tsarin VVT-i mai sauya lokacin buɗewar bawul. Sensan ƙwanƙwasa kada a raina shi: idan ya mutu, burenbos yana ja da lokacin wuta baya don ya kare injin, mota ta yi laushi musamman a hawa.

Bayan lambobi sai gyaran mai, wato STFT da LTFT, lambobi biyu a sikana da ke nuna kashin man da burenbos ke ƙarawa ko ragewa. A haɗa su biyun, a duba a sulo, a duba a juyi 2,500, sannan a duba a kan titi ana jan kaya. Lafiyayyen inji yana zama cikin kashi 10 sama ko ƙasa. Idan lambar ta yi sama a sulo, kamar +18, amma ta sauko da aka ba da wuta, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, kuma a wannan injin gaskit ɗin manifol na shan iska ya yi suna wajen haka. Sai dai irin wannan yoyon a sulo yake damun mota, ba a gudu ba. Idan kuwa daidai take a sulo amma tana hawa yayin da nauyi ke ƙaruwa, to ko mai ba ya isa, ko sensan iska yana ƙidaya ƙasa da abin da ke shiga.

Sensan iskar yana nan a jikin murfin gidan matatar iska, sukurori biyu ke riƙe da shi. Ƙurar hunturu tana lulluɓe siraran wayoyin da ke cikinsa, balle idan matatar ta jabu ce ko murfin bai zauna ba. A sulo, inji da zafi, an kashe AC, ya nuna giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Idan aka danne totur a giya ta biyu har juyi ya kusa 6,000, ya kamata ya kusanci giram 100. A wanke shi da feshin da aka yi dominsa, daga ɗan nesa, a bar shi ya bushe minti goma. Kada a taɓa wayoyin da tsinke ko buroshi, kada a wanke da fetur.

Sai famfon mai. Ƙa'idar Toyota ga matsin mai a wannan injin ita ce psi 44 zuwa 50, kuma bayan an kashe mota kada ya faɗi ƙasa da 21 cikin minti biyar. Motar ba ta da bakin ɗaura geji a jikin bututun nozul, sai an sa mahaɗa mai baki uku a layin man. Kafin a kwance layin, a ɗaga kujerar baya, a cire soket ɗin famfon, a tayar da mota har ta mutu da kanta, a sa tsumma a kan mahaɗar, kuma kada a yi aikin inji da zafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna a sulo, a ga 46, a ce famfo lafiya. Famfon da ya gaji yana riƙe 46 a sulo, ya faɗi zuwa 30 idan an nemi mai da yawa. Dole a fito da gejin ta gefen bonet, a manne shi a wajen gilashin gaba, ba cikin mota ba, a hau titi, mutum na biyu yana karantawa.

Idan ya faɗi, kada a yi saurin ɗora wa famfon laifi. A auna wutar da ke isa soket ɗinsa mota na aiki. Bambancinta da ta batir kada ya wuce rabin bolt. Matatar man wannan motar da abin daidaita matsi duk suna cikin tanki tare da famfon, akwai kuma 'yar raga a bakinsa da ke toshewa da dattin man 'yan bumburutu. Yawo da ɗan mai a gindin tanki ma yana cin famfo, don man ne ke sanyaya shi. Tankin lita 50 ne, a riƙa barin aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu.

Akwai gajeriyar hanya idan ba a samu geji ba: a kalli sensan hayaƙi na baya, wanda ke bayan indomi, a sikana yayin da aka danne totur har ƙasa. A wannan hali burenbos yana zuba mai da yawa da gangan, don haka sensan ya tsaya wajen bolt 0.8 zuwa 0.9. Idan ya faɗi zuwa 0.1 ko 0.2, injin yana yunwar mai.

Mai Salansa Panteka

Malam Rewaya ya shimfiɗa hanya, a bi ta. Amma Alhaji, abubuwa uku a bayaninka suna nuna indomi: tana tafiya daidai da sanyi sannan ta shaƙe idan ta ɗau zafi, tana shan baƙin mai, kuma ba ta da tamostat.

Cikin indomi kamar saƙar zuma yake, dubban ƙananan ramuka na yumɓu. Baƙin man da ke ƙonewa a silinda yana barin toka da ke liƙe ramukan a hankali. Injin da ba ya kai zafinsa kuma, burenbos yana ɗaukarsa a matsayin wanda bai gama ɗumi ba, ya riƙa ƙara masa mai, ragowar ya je ya ƙone a cikin indomin. Idan aka haɗa da kwayil ko fulogi da ya taɓa tsallake wuta aka ci gaba da tafiya a haka, ɗanyen fetur yana iya narkar da yumɓun ya dunƙule. Wani lokaci farfashewa yake yi, gutsattsarin su juya su tare hanya idan hayaƙi ya yi ƙarfi, su kwanta idan an kashe mota. Shi ya sa hutun minti goma sha biyar yake ɗan sassauta ta.

Inji ba zai sha sabuwar iska ba sai ya fitar da tsohuwa. Saboda haka idan salansa ta toshe, sensan iska zai nuna ƙaramar lamba a gudu alhali lafiyarsa ƙalau. Nan ake asarar kuɗi, a sayi sabon sensa a banza. Abin da ke raba su shi ne gyaran mai: sensa mai datti yana tura shi sama sosai, toshewar salansa kuwa takan bar shi kusa da sifili.

Awo biyu ne. Na farko gejin zuƙa, mai auna ƙarfin jan iskar inji, a ɗaura shi a tiyon da ke fitowa daga manifol bayan totur. A sulo, lafiyayyen inji yana ba da inci 17 zuwa 21, kuma yana raguwa da kusan inci ɗaya a kowace mita 300 ta tudu, don haka a Kano 17 ko 18 ba laifi ba ne, a Jos ma zai fi haka ƙasa. A ɗaga juyi zuwa 2,500 a riƙe shi minti ɗaya cur. Allurar za ta ɗan faɗi ta dawo ta tsaya. Idan tana zamewa ƙasa a hankali, kuma sai an ƙara taka totur kafin juyin ya tsaya a wurin, hayaƙi ne ke taruwa.

Na biyu shi ne mai yanke hukunci. A kwance sensan hayaƙi na gaba, wanda ke kafin indomi, da soket mai lamba 22. A wannan injin salansa ta bayan inji take, wajen bangon da ya raba shi da cikin mota, wurin a matse yake. A fesa man kwance tsatsa a bar shi ya jiƙa, don idan aka murɗe zaren an jawo wani aikin. A ɗaura gejin matsi a ramin. A sulo kada ya wuce psi 1 zuwa 1.5, a juyi 2,500 kada ya wuce 3. A karanta da sauri a kashe, tiyon gejin ba ya jure zafin wurin.

Wasu sukan bar ramin sensan a buɗe su ɗan zaga da motar su ji ko ta sake. Yana nuna alama, amma kada ya wuce minti biyu ko uku, don hayaƙi mai zafi yana fesowa kusa da wayoyi da tiyo. Sa hannu a bakin salansa a sulo kuwa ba awo ba ne, a sulo ko toshasshiya tana huci.

A kuma leƙa ƙarƙashin motar. Bututun da ya daki dutse ko tudun rage gudu ya lotse yana ba da alama iri ɗaya, haka tukunyar baya idan cikinta ya rufta.

Baban Giyabos

Na yarda ba zamewar giya ba ce, amma a duba abu biyu da ba sa cin ko sisi. Akwai maɓalli a jikin sandar giya; idan wutar O/D OFF tana kunne a dashbod, motar ba za ta shiga giya ta huɗu ba. A gudun kilomita 100 a shimfiɗaɗɗen titi, juyi ya zauna wajen 2,200 zuwa 2,500. Idan ya haura 3,200, a ta uku take. Rashin tamostat ma yana shiga nan: burenbos ba ya barin giya ta huɗu sai ruwan inji ya kai kusan digiri 60, kuma da asubahin hunturu, ga iskar titi ga fanka na juyawa ba tsayawa, yana iya kasa kaiwa.

A zaro sandar man giya mota na aiki da zafi, a wuri mai daidai. Ja ko ruwan ƙasa mai haske ba damuwa. Baƙi mai warin ƙuna shi ne matsala. Irin man da ake zubawa yana rubuce a jikin sandar, T-IV, kada a karɓi wani a madadinsa.

Sai birki. Bayan tafiyar kilomita goma ba tare da yawan taka shi ba, a tsaya a kusantar da bayan hannu ga kowane rim. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi nesa ba kusa ba, kalifarsa ta riƙe, ko tiyon birkin ya ruɓe ta ciki yana hana mai komawa. Shi ma yana ƙaruwa ne da zafi, kamar yadda ka kwatanta. A ɗaga motar a juya kowace taya da hannu, na baya kuma a tabbata hambirki yana saki gaba ɗaya. Iskar taya a bi takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba.

Maganar burenbos: gaskiya ne a 2010 Toyota ta yi kiran Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 a Amurka saboda tsagewa a cikinsa. Amma alamunsa su ne bugun giya da ƙarfi, mutuwar mota tana tafiya, ko ƙin tashi, da lambobi irin P0606 da P0607. Ba su yi kama da taka ba.

Abban Hanifa

Allah ya saka muku da alheri. An yi awon yau. Lambobi biyu suka fito, P0420 da P0128. Gyaran mai +4 a sulo, +2 a titi. Matsin mai 46, bai motsa ba ko a hawa, sensan baya kuma 0.86 da aka danne. Sensan iska 2.4 a sulo, amma bai wuce 54 ba a titi. Zafin ruwa digiri 64 a kan hanya. Gejin zuƙa 18 a sulo, ya zame zuwa 11 cikin minti ɗaya. A ramin sensa an samu psi 2.5 a sulo, 8 a juyi 2,500. Birki da man giya lafiya. Mai gyaran ya ce a fasa cikin indomin a zubar a mayar da kwankon. Me kuka gani?

Mai Salansa Panteka

To Alhaji, magana ta fito fili. Psi 8 ya kusa ninka iyaka sau uku, famfonka da sensanka kuma sun wanke kansu.

Fasa shi zai dawo da gudun, wannan ba a musu. Amma ga abin da ke biyo baya. P0420 za ta zauna daram, wutar cek injin ba za ta ƙara mutuwa ba, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba abin da zai sanar da kai. Hayaƙin zai riƙa wari yana yaji a ido, kuma iskar nan mai kisa da ba ta da wari, wadda indomin ke ƙonewa, za ta ƙaru sosai. Duk ɗan yoyo a ƙarƙashin mota zai iya kawo ta cikin ɗaki, ga yara a kujerar baya gilashi a rufe. Shawarata a sa wani. Kuma ka sani ƙarafan da ke cikin tsohon suna da tsada, ana sayensa ko ya lalace, don haka a kwance shi a gabanka, a ba ka kayanka, kuɗinsa ya rage maka na sabon.

Idan beljiyam za a saya, a haska tocila ta baki ɗaya a leƙa ta ɗayan. Ramukan su fito a jere, babu narkewa, babu farar toka da ta liƙe su. A girgiza shi, kada a ji motsi. Marar nauyi ƙwarai, an riga an kwashe cikinsa. A sa sababbin gaskit na zobe a mahaɗa, a mayar da notocin nan masu sifirin yadda suke, kada a yi musu walda a kafe, don su ne ke ba bututun damar motsi da injin. Kafin a haɗa, a kwance tukunyar baya a zazzage ta, gutsattsarin yumɓu sukan gangara can su sake toshe hanya. Sensan gaba a ɗaure shi da Nm 44. Bayan an gama a maimaita awon ramin sensa, a ga ya sauko ƙasa da 3.

Ɗan Fagge Rewaya

Ƙari a kan na Malam Mai Salansa: idan aka sa sabon indomi aka bar abin da ya kashe tsohon, shi ma ba zai daɗe ba.

P0128 da digiri 64 aikin rashin tamostat ne. A sayi na asali mai digiri 82, da sabuwar robarsa. Yana zaune inda tiyon lagireto na ƙasa ya shiga inji, kuma ɗan ƙaramin bawul ɗin da ke gefensa ya kalli sama, ta nan iska ke fita. A mayar da fanka kan rilenta burenbos ya riƙa kunna ta da kansa. Yawanci zafi ne ya sa aka cire tamostat tun farko, saboda haka a nemo dalilin: lagireto da ya toshe da ruwan rijiya, murfinsa da ya saki, ko famfon ruwa. A wanke layin, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, yana cin kusan lita shida da rabi, a bar inji ya yi zafi da hita a buɗe har kumfa ta daina fitowa. A kan titi sikana ta riƙa nuna tsakanin 82 da 95.

Shan baƙin man kuma a fara da mai araha. Bawul ɗin PCV, mai mayar da tururin cikin inji zuwa manifol, yana jikin murfin saman inji. A kwance a girgiza, idan ba ya ƙara ko ya cika da kitse a canza shi. Sannan a auna matsin silinda inji da zafi, an cire fulogi duka da soket ɗin nozul, totur a buɗe: ƙa'ida psi 189, mafi ƙaranci 145, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 15. Matsi mai kyau ba ya wanke ringin mai, don suna iya maƙalewa da gawayi matsin yana nan daidai, amma zai nuna ko injin ya cancanci a kashe masa kuɗi. Hayaƙi mai shuɗi da safe kawai yana nuna robobin bawul. Wanda ke fita idan an ba da wuta yana nuna ringi. A yi juye da 5W-30 kamar yadda ke rubuce a murfin, a cika zuwa alamar sama, a rubuta maleji, a sake dubawa bayan kilomita 1,000.

Fulogin da aka sa ma a zaro ɗaya a gani. Na motar Denso SK16R11 ne ko NGK IFR5A11, tazarar baki milimita 1.1, kuma jabunsu sun cika kasuwa. Idan ka samu lambobin matsin silindan ka kawo su nan a duba kafin a yanke shawarar buɗe inji.